Babi na Biyu: Bitar Abin da Aka Rubuta a Kan Mata da Gwagwarmayar NEPU, 1950-1960

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan nazari da kuma farfajiyarsa, wato ƙasar Kankiya da Kusada, musamman garin Yashe, inda hanyar da ta taso daga Funtuwa ta haɗu da babbar hanyar Kano zuwa Katsina. A wannan babi kuwa za a waiwayi ayyukan da magabata suka gudanar a kan rawar da matan Hausawa suka taka a fafutukar neman 'yanci, tun daga ranar 8 ga Agusta 1950 da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, har zuwa ranar 1 ga Oktoba 1960 da Nijeriya ta sami mulkin kai. Ba za a tsaya ga jera abin da kowane marubuci ya faɗa ba. Abin da za a fi mayar da hankali a kai shi ne mizanin da suka yi awo da shi, domin a ganin mai wannan nazari, yawancin abin da ake faɗa cewa matan Arewa ba su taɓuka komai ba a zamanin siyasa, ya samo asali ne daga mudun da aka auna su da shi. Wani ya auna su da mudun maza, wani da mudun matan kudu, wani kuma ya ɗauki mace guda ya ɗora mata kayan duk sauran.

2.1 Littattafan Tarihin Jam'iyyu

Duk wanda zai yi magana a kan siyasar Arewa kafin 1966 ba shi da makawa sai ya bi ta kan Sklar (1963) da Dudley (1968) da Whitaker (1970). Waɗannan ayyuka ne masu nauyi, kuma har yanzu da su ake kafa hujja a kan tsarin NPC da NEPU, da yadda En'e ta zama ƙashin bayan jam'iyya mai mulki. To amma idan aka duba tambayoyin da suka sa a gaba, za a tarar duk ba su wuce waɗannan ba: wa ya tsaya takara, wa ya ci, ƙuri'a nawa ya samu, ɗan wane ne, wace sarauta yake riƙe da ita. Tambayoyi ne masu kyau, sai dai babu ɗaya daga cikinsu da mace za ta iya fitowa a amsarta, saboda dokar zaɓe ta Jihar Arewa ba ta ba mace damar jefa ƙuri'a ba, balle tsayawa takara. Ke nan tun kafin marubuci ya ɗora alƙalami, rabin jama'a sun riga sun fita daga lissafinsa.

Akwai wani abu a cikin alƙaluman da waɗannan marubuta suka kawo wanda ya kamata a ce sun daɗe a kansa. A zaɓen tarayya na watan Disamba 1959, Majalisar Wakilai tana da kujeru 312, kuma 174 daga ciki na Arewa ne. An raba kujerun nan bisa yawan jama'a ne, maza da mata da yara. Wato an ƙidaya matar Yashe lokacin da ake rabon kujeru, aka kuma tsame ta ranar da za a zaɓi wanda zai hau kujerar. NPC ta tashi da kujeru 134 a wannan zaɓe, NEPU ta sami 8. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa da mata sun yi zaɓe sakamakon zai canza, domin mai yiwuwa da yawansu inda mazajensu suka jefa nan za su jefa. Abin lura dai shi ne rinjayen da Arewa ta shiga mulkin kai da shi, da kawunan mata aka gina shi, ba tare da an nemi bakinsu ba.

Feinstein (1973), wanda ya rubuta tarihin Malam Aminu Kano, ya nuna yadda Malam ya damu da ilimin mata da 'yancinsu, amma da yake littafin tarihin mutum ɗaya ne, mata sun fito a cikinsa a matsayin waɗanda ake yi wa magana da waɗanda ake yin magana dominsu. Abba (2007) ya yi gyara mai muhimmanci, inda ya nuna NEPU jam'iyyar kishin ƙasa ce mai adawa da mulkin mallaka, ba rigimar cikin gida tsakanin talakawa da sarakuna kaɗai ba. Wannan gyara yana da amfani ƙwarai ga nazarinmu. Dalili kuwa shi ne, a ƙauye irin Yashe, wanda a lokacin yake ƙarƙashin En'e ta Katsina zamanin Sarki Usman Nagogo (1944-1981), mace tana iya yin shekaru ba ta sa Bature a ido ba. Mulkin mallakan da ta sani shi ne mai unguwa da dagaci da suke zuwa karɓar haraji, da ɗan doka, da alƙali. Saboda haka wanda ya tsaya neman ranar da matan Hausawa suka yi arangama da Joji ko Razdan, kafin ya yarda sun yi adawa da mulkin Turawa, bai fahimci yadda aka tsara mulkin ba tun farko.

2.2 Mudun Matan Kudu

Aikin da ya fi kowane tasiri a fagen nazarin mata da siyasa a Nijeriya shi ne na Mba (1982). Marubuciyar ta faɗa tun a sunan littafin cewa kudancin Nijeriya ta nufa, don haka ba laifinta ba ne da Arewa ba ta fito ba. Matsalar ta taso ne daga waɗanda suka biyo bayanta, suka mayar da abin da ya faru a kudu ma'auni, suka zo da shi Arewa, da ba su sami irinsa ba sai suka yanke hukunci cewa babu komai.

Abin da ya faru a kudu sananne ne. A ƙarshen 1929 dubban matan Ibo da Ibibiyo sun tashi a lardunan Owerri da Kalaba bayan da aka fara ƙidayar da suka ɗauka share fagen sa musu haraji ne. Rigimar ta faro daga Oloko, ta bazu har Aba, aka rusa kotuna, sojoji suka harbe mata fiye da 50. A Legas, matan kasuwa ƙarƙashin Alimotu Pelewura sun yi tsayin daka a kan ƙayyade farashin abinci da gwamnati ta yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Abeokuta kuma ƙungiyar mata ta Funmilayo Ransome-Kuti ta ƙi biyan harajin da aka ɗora wa mata, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada tun daga ƙarshen 1947, har Alake Ademola ya sauka daga sarauta a watan Janairu 1949, ko da yake ya dawo daga baya.

Idan aka lura, abubuwa biyu ne suka haɗa waɗannan tarzoma: haraji a kan mace ita kanta, da kasuwa wadda take hannun mata, da shugabanninsu da ƙungiyoyinsu. Mace mai rumfa a kasuwa tana da abin da za ta rufe, kuma ranar da ta rufe kowa zai gani, har ɗan jarida ya rubuta. A ƙasar Hausa kuwa haraji a kan magidanci ya faɗa, kuma rumfunan kasuwa galibi na maza ne. Wannan bai sa mata sun zama 'yan zaman kashe wando ba. Hill (1972), wadda ta yi bincikenta a Batagarawa, kimanin mil shida kudu da birnin Katsina, ta nuna cewa matan kulle suna gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gidajensu, na hatsi da dafaffen abinci da sauransu, ta hanyar yara masu talla, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Duk wanda ya tashi a ƙasar Kankiya ya san wannan ba labari ba ne, ya san gidan da ake sayen ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da gidan fura, da gidan da ake aunar dawa idan damina ta yi nisa. Kasuwar da ta watsu a cikin ɗaruruwan gidaje ba ta rufuwa rana ɗaya, kuma ko matar gida ta ƙi sayar wa wani don bambancin jam'iyya, ba Baturen da zai sa wannan a rahotonsa na shekara.

A nan ya kamata a yi hattara, kada gudun wani kuskure ya jefa mu cikin wani. Akwai masu son su kira duk wani abu da ya kawo wa Turawa cikas da sunan gwagwarmaya. Alal misali, an san cewa kamfanin auduga na BCGA, wanda ya kafa injinan gurza a wurare irin su Funtuwa da Malumfashi, ya sha wahalar samun auduga a farkon ƙarni, saboda masaƙan gida suna saye da tsada fiye da farashinsa, kamar yadda Hogendorn (1978) ya bayyana. Zaren da masaƙan nan suke aiki da shi kuwa mata ne suke kaɗa shi da mazari. Wannan gaskiya ne, amma mai kaɗi neman na cefane take yi. A Indiya ne Gandhi ya ɗauki kaɗi ya mayar da shi alamar ƙaurace wa tufafin Ingila, jam'iyya ta tsaya a bayansa. A ƙasar Hausa ba wata jam'iyya da ta yi haka, don haka wannan nazari bai lissafa kaɗi a cikin ayyukan siyasa ba.

Wani abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi, wanda masu rubutu da Ingilishi ba za su gani ba, shi ne kalmar da Hausa ta zaɓa lokacin da ma'aikata suka fara ajiye aiki don neman haƙƙi. Ba a ƙirƙiro sabuwar kalma ba, sai aka ce yajin aiki. Yaji kuwa aikin mace ne: ta tattara ta tafi gidansu, ta janye girkinta da hidimarta, har sai an zo biko an saurari kukanta. Ashe ke nan dabarar janye jiki don a tilasta wa mai iko ya saurara, Bahaushe a wurin mace ya fara saninta.

2.3 Gambo Sawaba da Matsalar Gwarzuwa Tilo

Idan aka ce mata da NEPU, suna ɗaya ne yake zuwa bakin kowa, wato Hajiya Gambo Sawaba (1933-2001). Babban abin dogaro a kan rayuwarta shi ne littafin Shawulu (1990), wanda aka rubuta tana da rai, kuma akasarin abin da jaridu suke maimaitawa daga can ya fito. Sunanta na yanka Hajaratu, ana ce mata Gambo saboda ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya, ta tashi a Zariya, an yi mata aure tana ƙarama, ta shiga NEPU tana da shekara 17 ko kusa da haka, ta kuma zama shugabar reshen mata na jam'iyyar. Ta je Abeokuta ta ga Funmilayo Ransome-Kuti. A farkon shekarun 1950 an kama ta a Kano saboda shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, alƙali ya ɗaure ta, daga baya hukuma ta kore ta daga garin. An fi cewa sau 16 aka ɗaure ta a rayuwarta, ban da duka da wulaƙanci iri-iri.

Darajar littafin Shawulu ba ta ɓuya. Ya adana muryar wadda aka yi abin da ita, a lokacin da manyan littattafan siyasa suka ba ta layi biyu ko uku. Sai dai littafin yabo ne fiye da bincike, kuma ya bi tsarin labarin jarumi: an haife ta da taurin kai, ta taso ba ta son zalunci, ta shiga wuya, ta fita, ta sake shiga. Irin wannan tsari yana da daɗin karatu, amma yana da illa guda babba. Yana sa mai karatu ya ɗauka cewa abin da ya faru halin mutum ɗaya ne, baiwa ce da Allah Ya yi mata, ba motsi ne na jama'a ba. Alhali shugabar reshen mata ba ta zama shugaba sai da reshe. Wasu ne suka buɗe mata ƙofofin gidajen da ta shiga a Kano, wasu suka sauke ta a garuruwan da ta je lacca, wasu suka yi amshin waƙoƙin jam'iyya, wasu aka kama su tare da ita. Waɗannan duka sun zama inuwa a bayan hotonta. Yau akwai babban asibiti a Zariya da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero masu ɗauke da sunanta, kuma ta cancanci fiye da haka, amma sanya wa gini suna ya fi sauƙi a kan bin ƙauyuka ana tambayar tsofaffi.

Illa ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa. Da yake Gambo 'yar Sabon Gari ce, iyayenta kuma ba Hausawa ba ne, sai labarinta ya zama hujja a hannun masu cewa siyasar mata baƙuwar aba ce a ƙasar Hausa, ta 'yan birni da 'yan cirani. Wato an yabe ta ta yadda yabon ya tabbatar da cewa sauran mata ba su yi komai ba. Haka kuma marubuta sukan nuna ta a matsayin almajirar Malam Aminu Kano kurum. Tarihinta na baya bai goyi bayan haka ba, domin da aka dawo siyasa a 1978 ba ta bi Malam zuwa PRP ba, GNPP ta Waziri Ibrahim ta shiga, har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaba. Mace mai ra'ayin kanta ce, kuma ya kamata a karanta shekarunta na NEPU da wannan ido.

Ita ma NEPU ba za a wanke ta tas ba. Waɗanda suka kafa ta, irin su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta, duk maza ne, kuma mata reshe aka ware musu a gefe. Jam'iyyar ta nemi a ba mata ƙuri'a a fili, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani, amma a wurin yanke shawara maza ne suke zama.

2.4 Kalmar "Karuwa" a Matsayin Makami

Babu yadda za a yi a tattauna wannan batu a kauce wa kalmar da aka fi jifan matan siyasa da ita. Birniwa (1987), wanda ya kwatanta waƙoƙin NPC da na NEPU, da Furniss (1996), sun nuna yadda zambo da habaici suka mamaye waƙoƙin siyasa na wancan lokaci, kowane ɓangare yana siffanta ɗan'uwansa da fita daga tarbiyya da addini. A irin wannan fage, mace da ta fito taron lacca ba ta bukatar ta yi wani laifi kafin a ba ta suna. Fitowar ita ce laifin. Kuma wannan ra'ayi bai tsaya ga 'yan NPC ba. Malam Sa'adu Zungur, wanda 'yan NEPU suke ɗauka uba a fagen tunani, a waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ya lissafa karuwa da magajiya cikin abubuwan da za su jawo wa Arewa kunya.

Manazarta na waje sun tarar da wannan kalma a bakin mutane, suka fassara ta kai tsaye, sai ya zama kamar tabbataccen zance cewa matan jam'iyyu a Arewa masu sayar da jiki ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki wanda ba za a ɓoye ba: jam'iyyun duka biyu sun yi amfani da magajiyoyi da matan da suke ƙarƙashinsu wajen cika taro da waƙa da guɗa da dafa abinci, saboda su ne matan da ba mai hana su fita. Cohen (1969) ya ga irin wannan a unguwar Sabo ta Ibadan, inda mata masu zaman kansu suka shiga rassan jam'iyyu, matan aure kuwa suna cikin gida. Amma Pittin (1979), wadda ta zauna a birnin Katsina ta yi nazarin gidajen mata, ta nuna cewa wannan rukuni ba katanga ce tsakaninsa da aure ba. Mace takan fita daga aure ta zauna da kanta na wani lokaci, tana sana'a, sannan ta sake aure ta koma kulle. Ma'ana, wadda aka gani a taron NEPU a 1956 tana iya zama matar aure a 1958, da ra'ayinta da waƙoƙin da ta haddace. Rabewar da aka yi tsakanin matan siyasa da matan kirki ba ta da ƙarfi kamar yadda littattafai suka nuna.

Cooper (1997) ce ta fi kowa fahimtar aikin da kalmar take yi. A bincikenta na Maraɗi ta nuna yadda danganta siyasa da karuwanci ya sa matan aure suka daɗe suna ɗari-ɗari da shiga ƙungiyoyi, don tsare mutuncinsu. Idan haka ne, kalmar ba bayani take yi a kan waɗanda suka fito ba kawai, gargaɗi ce ga waɗanda ba su fito ba. Ta fi ɗan doka aiki, domin ɗan doka sai an fito yake kamawa. Wannan yana da nasaba kai tsaye da hanyar tattara bayanai a nazari irin wannan. Tsohuwar da ta yi NEPU a ƙuruciyarta, yau tana da jikoki da surukai, ba lalle ta amsa tambayar baƙo da littafi a hannu ba. Shirunta ba shaida ba ne cewa ba ta yi ba.

2.5 Hujjar Addini da Al'ada, da Abin da Maraɗi Ta Nuna

Hujjar da shugabannin NPC suka riƙe a tarurrukan tsarin mulki na London a 1957 da 1958 ita ce jama'ar Arewa ba su shirya wa zaɓen mata ba, saboda addini da al'ada. Sardauna ya maimaita wannan matsayi a littafin tarihin rayuwarsa (1962), inda ya nuna abu ne da zai iya zuwa wata rana, amma ba a lokacin ba. Turawa suka amince, aka bar Arewa da zaɓen maza zalla, alhali matan Jihar Gabas suna zaɓe tun 1954, kuma a 1959 duk matan kudu sun sami wannan dama. Abin mamaki shi ne yadda marubuta da yawa suka karɓi wannan hujja a matsayin bayanin abin da ya faru, maimakon su ɗauke ta a matsayin maganar ɓangare ɗaya a cikin gardama. Ko Callaway (1987), wadda ta tausaya wa matan Kano ƙwarai, ta jingina yawancin bayaninta ga tsarin addini da zamantakewa.

Gardama ce kuwa, kuma a cikin Musulunci aka yi ta. Reynolds (1999) ya nuna yadda ɓangarorin biyu suka yi ta ja-in-ja a kan wane ne magajin Shehu Usmanu na gaskiya. 'Yan NEPU suna kafa hujja da sukar da Shehu ya yi wa malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, da kuma misalin Nana Asma'u (1793-1864) da 'yan tarunta. A 1956 Malam Isa Wali ya rubuta jerin maƙaloli a jaridar Nigerian Citizen a kan matsayin mata a Musulunci, waɗanda suka tayar da ƙura. Duk waɗannan 'ya'yan gidan malamai ne, ba baƙi ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan batu tana nan kusa da mu, kuma mai wannan nazari yana ganin rashin kula da ita shi ne babban giɓin da ke cikin ayyukan da aka yi a Nijeriya. Daga birnin Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Mutanen Maraɗi Katsinawa ne, zuriyar sarakunan Haɓe da suka yi ƙaura bayan jihadi, har yau sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. Harshe ɗaya, mazhabar Malikiyya ɗaya, auratayya ba ta yanke ba. A watan Yuni 1956 majalisar Faransa ta zartar da dokar da aka fi sani da sunan ministan da ya kawo ta, Gaston Defferre, wadda ta ba kowane baligi, namiji da mace, damar zaɓe a ƙasashen da take mulka. Saboda haka matar Maraɗi tana da ƙuri'a a zaɓen 1957 da ya kawo Djibo Bakary kan gwamnati, tana kuma da ita ranar 28 ga Satumba 1958 da aka yi ƙuri'ar raba gardama ta Janar de Gaulle, inda jam'iyyar Sawaba ta nemi jama'a su ce a'a, wato a ba Nijar 'yanci nan take. Masu a'a sun sami kusan kashi 22 cikin 100, Faransa ta yi amfani da gwamnanta da sarakuna ta karya Sawaba, aka haramta jam'iyyar a 1959, da yawa daga 'ya'yanta suka tsallako Kano inda 'yan NEPU suka karɓe su, kamar yadda van Walraven (2013) ya bi diddigi.

Ba ana nufin Faransa ta fi Ingila adalci ba ne, yadda ta yi da Sawaba ya isa shaida. Ba kuma ana nufin duk matan Maraɗi sun fita zaɓe ba, domin waɗanda suka jefa ƙuri'a a 1958, maza da mata, ba su kai rabin masu rajista ba. Abin da ake nufi shi ne, an buɗe wa mata rumfar zaɓe a tsakiyar ƙasar Katsinawa Musulmi, kuma addini bai rushe ba, aure bai mutu ba. Iyakar da Turawa suka shata ce ta raba ya da ƙanwa, ɗaya tana da ƙuri'a ɗaya ba ta da ita. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne, a wannan gefe Ingila ta gina mulkinta a kan En'e, kuma jam'iyyar da ta gaji En'e ba ta ga ribar da za ta ci ba idan aka ninka yawan masu zaɓe da mutanen da hakimi da dagaci ba sa iya shiga inda suke. Ɗan doka yana iya hana lacca a bakin kasuwa, amma bai da ikon wuce zaure. Mace irin Gambo kuwa tana wucewa, kuma laifin da aka ɗaure ta a kansa a Kano ke nan.

Matan Yashe da Kankiya da Kusada ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, ƙarƙashin gwamnatin soja ta Janar Obasanjo, shekara 20 bayan 'yan'uwansu na Maraɗi, kuma tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu da ita. A wannan karo ba a yi wata tarzoma ba, malamai ba su hana ba, 'yan siyasar da suka gaji NPC su ne ma suka shiga neman ƙuri'un matan da ƙarfinsu a zaɓen 1979. Yarinyar da take da shekara 17 lokacin da aka kafa NEPU, ta kai 43 kafin ta fara riƙe katin zaɓe. Matan wannan tsara, da waƙoƙin da suka bar wa 'ya'yansu da jikokinsu a gidajen biki da wajen daka, su ne babi na uku zai bi sawu a Yashe da ƙauyukan da ke kewaye da ita.